Abin da ya kamata ku sani game da mutanen da ke ƙetare teku da riɗin Dawanau

Duk wanda ya san Dawanau da kaka ya san yadda tireloli ke jeruwa a bakin sito-sito. 'Yan dako na ɗibar buhunan riɗi da zoɓo da citta da waken suya, mata na gefe suna shiƙa suna tsince tsakuwa, dillalai na kai-kawo waya a kunne. Da zarar an gama lodi direba ya miƙi hanyar Legas, a wurin yawancinmu zance ya ƙare, sai lissafin riba. Alhali kuwa tafiyar kayan yanzu ta fara. Kilomita kusan 1,000 da ke tsakanin Kano da Apapa somin-taɓi ne. Riɗin nan Japan za shi ko Sin ko Turkiyya, zoɓon kuma da yawansa Meziko, inda su ma jiƙa shi suke yi su sha. Kafin kwantena ta sauka a gabashin Asiya sai ta yi wata guda da ɗoriya a kan ruwa, a hannun mutanen da mai kayan bai taɓa gani ba, ba kuma zai gani ba.

Ba yau Kano ta fara dogaro da waɗannan mutane ba. Tun da layin dogo ya iso a 1911 ake jigilar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku, kuma dalar gyaɗar nan da muke tinƙaho da ita a cikin jiragen ruwa ta ƙare. Hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke bi. Babur da injin ban-ruwa da alkamar da ake yin fulawa, duk ta nan suka shigo mana. Masu aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba in aka dubi nauyin da ke kansu. Ƙididdigar da manyan ƙungiyoyin masu jirage, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ta ce mutum miliyan 1.89 ne a duk duniya. Filifin ce kan gaba wajen samar da su, sai Rasha da Indonesiya da Sin da Indiya. Mata a cikinsu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Waɗannan ba sojan ruwa ba ne, ba kuma masunta ko masu fito ba. Ma'aikata ne na jiragen kasuwanci, masu albashi da takardar ƙwarewa da matakan ƙarin girma. Akwai dai wasu 'yan tsiraru, galibi a Faransa da Ingila, da tsere a tsakiyar teku da jirgi mai tafiya da iska shi ne sana'arsu. Gasarsu mafi tsanani ita ce Vendée Globe, wadda aka fara a 1989: mutum ɗaya tak zai zagaye duniya, ba tsayawa, ba mai taimaka masa, barcinsa guntu-guntu na 'yan mintoci. Charlie Dalin ya lashe ta a Janairun 2025 cikin kwana 64 da 'yan sa'o'i. Mutumin da ya fara yin irin wannan zagaye, Robin Knox-Johnston, kwana 312 ya yi kafin ya dawo gida a 1969, kuma shi ma a jiragen kasuwanci ya koyi teku. Su waɗannan ana nuna su a talabijin. Masu ɗauko mana kaya kuwa ba a jin labarinsu sai an yi haɗari.

Yadda aiki yake a cikin jirgi

Abin da ke fara ba mutum mamaki shi ne ƙarancin ma'aikata. Ever Given, jirgin da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400 ne, amma mutum 25 ne kacal a cikinsa. Haka yawancin manyan jirage suke, daga mutum 20 zuwa 25. Kyaftin ne shugaba, maganarsa ce ta ƙarshe. A ƙarƙashinsa aiki ya kasu uku. Akwai masu tuƙi da kula da kaya, cif ofisa ne babbansu, kuma shi ke lissafin inda za a ɗora kowane nauyi don kada jirgi ya karkace. Akwai masu inji a ƙarƙashin cif injiniya. Sai kuku da mataimakinsa, waɗanda kowa a jirgi ya san darajarsu, domin in abinci ya lalace zaman lafiya ma sai ya fara tangarɗa. Ban da hafsoshi akwai ƙananan ma'aikata, masu ja da ɗaure igiya, da kankare tsatsa, da fenti, da zuba wa inji mai, shugabansu da ake kira bosin ne ke raba wa masu aikin saman jirgi aikin yini.

Jirgi ba ya kwana, don haka gadi ba ya yankewa. Bisa al'ada awa 4 ake yi a bakin aiki a huta 8, sau biyu a rana. Ofisa na biyu shi ke riƙe daga sha biyu zuwa huɗu, dare da rana. Ku dubi halin da yake ciki da ƙarfe biyun dare. An kashe fitilun ɗakin tuƙi don ido ya saba da duhu, ba haske sai na allon rada da taswirar kwamfuta. Mutum ɗaya na tsaye kusa da shi yana duban gaba. A gaɓar Afirka ta Yamma kwale-kwalen masunta kan yi nisa cikin teku, wasu ba fitila, rada ma ba ta cika kama jirgin katako ba. Jirgin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kuwa ko an juya inji baya sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya. Duk ɗigon hasken da ya gani sai ya yanke hukunci a kai tun yana nesa: wane ne, ina ya nufa, wa zai kauce wa wani. Sauran mutum ashirin da wani abu na barci, sun bar masa rayukansu da dukiyar mutanen da bai sani ba. A can ƙasa kuma ɗakin inji ne, zafi kan haura digiri 40, ƙara ba ta barin a ji magana sai da nuni, kuma in wani abu ya karye ba kanikawan da za a kira. Abin da ke cikin sito da basirar da ke ka, da su za a gyara.

Mutane kan ɗauka ma'aikacin jirgi yawon duniya yake sha. A da can akwai ƙamshin gaskiya, lokacin da jirgi kan yi mako biyu ana sauke buhuna da hannu. Yanzu jirgin kwantena kan shiga tasha ya fita cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma lokacin ne aiki ya fi yawa: jami'an kwastan da na shige-da-fice, masu bincike, lodi, shan mai. Mutum na iya zuwa Shanghai sau biyar bai taka ƙasar garin ba.

Kwantiragi ake yi. Hafsoshi kan yi wata 3 zuwa 6 a ruwa, ƙananan ma'aikata wata 6 zuwa 9. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ake kira MLC, ta fara aiki a 2013, kuma Najeriya ta sa hannu a kanta a wannan shekarar. Ita ta ce dole a mai da ma'aikaci gida kafin ya cika wata 12, kuɗin tafiyar kuma a wuyan kamfani. Ta ce a ba shi hutun aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. A takarda ke nan. Masu aikin sun san cewa a makon da aka jera tashoshi uku, barci kan zama abin marmari.

Albashi fa? Mafi ƙarancin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a biya ƙwararren ƙaramin ma'aikaci shi ne dala 673 a wata a 2025, aka kuma yarda ya koma 690 daga Janairun 2026, ban da kuɗin ƙarin lokaci. Kyaftin ko cif injiniya na babban jirgin ƙasa-da-ƙasa kan ninka wannan sau goma ko fiye. Ci da kwana kyauta ne, babu inda za a kashe kuɗi, shi ya sa mai hankali kan tara abin kirki. Sai dai a lura da abu biyu. A kamfanoni da yawa albashi na tsayawa ranar da mutum ya sauka, watannin da zai yi a gida daga aljihunsa zai ci. Sannan ƙananan jiragen da ke aiki a gaɓar Najeriya da naira yawancinsu ke biya, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

Abin da kuɗi ba ya biya shi ne rashin gida. Za a yi suna ba ka nan, a yi salla ba ka nan, mahaifi ya rasu sai dai a gaya maka ta waya kana tsakiyar tekun Indiya. A wurinmu da zumunci da zuwa gaisuwa suke da nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai sha'awar aikin ya kamata ya zauna da iyayensa da iyalinsa su fahimci juna tun kafin ya sa ƙafa. Intanet ta tauraron ɗan'adam da ta fara yawaita a jirage ta rage kewa, amma ba ta kai mara lafiya asibiti. Musulmi kuma yana da nasa lissafin. Alƙibla na sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, agogo ana ƙara masa awa ko a rage in ana tafiya gabas ko yamma, Juma'a kan wuce ba jam'i, nama kuma sai an tambayi kuku. Ba abin da zai hana ibada, dubban 'yan Indonesiya da Turkiyya da Masar na yin ta a jirage kullum, amma mutum ya nemi sani wurin malamai kan sallar matafiyi da azumi kafin ya tafi.

Haɗarin da ke ciki

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Da asubahin 26 ga Mayun 2013, wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos, ya nutse mita 30. Mutum 12 ne a ciki. Kukun jirgin, Harrison Okene, yana banɗaki abin ya faru. Ya yi ta laluben hanya cikin duhu har ya dace da wani lungu inda iska ta maƙale, ya tsaya a nan cikin ruwan sanyi, ba abinci sai kwalbar lemo guda. Ya yi kusan awa 60. Masu nutson da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ga hannu, ya kama, hannun ya riƙe shi. Da aka fito da shi sai da ya ƙara kwanaki a ɗaki na musamman ana rage masa matsin iska a hankali, don in aka fito da shi sarari kai tsaye iskar da ta taru a jininsa za ta iya kashe shi. Shi kaɗai ya tsira. Daga baya ya koyi aikin nutso, ya koma teku.

Haɗari na biyu 'yan fashi ne, kuma a nan ruwanmu ya yi ƙaurin suna. A 2020 cibiyar IMB mai bibiyar fashin teku ta ƙirga ma'aikata 135 da aka sace a duniya, 130 daga cikinsu a mashigin tekun Gini. A Janairun 2021 aka hau jirgin kwantena Mozart, aka kashe injiniya ɗaya, aka tafi da mutum 15. Mu da muka san raɗaɗin garkuwa da mutane a hanyoyinmu ba ma buƙatar a yi mana bayanin halin da iyalansu suka shiga. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaro na Deep Blue da aka ƙaddamar a 2021, lokacin da Dakta Bashir Jamoh ɗan Kaduna ke shugabancin hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA, sun taimaka matuƙa, hare-haren suka ragu sosai. Wannan ya shafi Dawanau kai tsaye: duk ƙarin kuɗin inshora da kamfanin jirgi ya biya saboda tsoron ruwanmu, a kan kuɗin dakon kwantena yake fanshewa, shi kuma mai fitar da kaya ya rage daga abin da zai sayi buhu a hannun manomi.

Na uku shi ya fi ci mini rai, domin ba iska ba ce ba kuma ɗan fashi ba, mai jirgi ne da kansa. Bashi ya yi masa yawa, sai ya yi watsi da jirgi da mutanen ciki a wata tasha, ba albashi, ba abinci, ba tikitin komawa. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ta ƙirga ma'aikata sama da 3,000 a jirage sama da 300 da aka yi wa haka a 2024 kaɗai. Wani ɗan Siriya, Mohammed Aisha, kusan shekara 4 ya yi maƙale a jirgin Aman a Masar, daga 2017 zuwa 2021, saboda kotu ta ɗora masa alhakin tsaron jirgin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ciki. A ƙarshe sai ya yi iyo zuwa gaɓa ya sayo abinci ya yi cajin waya ya koma. Abin da ke sauƙaƙa wannan zalunci shi ne yadda ake rajistar jirage: mai jirgi a wata ƙasa, tuta ta Laberiya ko Panama ko tsibiran Marshall, ma'aikata daga ƙasashe biyar, in rigima ta tashi kowa ya nuna wani. Lokacin korona ma, a 2020, kimanin mutum 400,000 suka maƙale a jirage bayan kwantiraginsu ya ƙare, don ƙasashe sun hana su sauka, alhali abincin da ƙasashen ke ci su ke kawowa.

Ina ɗan Arewa a ciki?

Najeriya ta taɓa samun jiragenta. An kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1959, kuma cikin jiragensa akwai masu suna Dan Fodio da El Kanemi da Ahmadu Bello. A cikinsu tsara guda ta kyaftin-kyaftin da injiniyoyin ƙasar nan suka tashi. Rashin iya riƙo da bashi suka durƙusar da shi, aka rufe shi a 1995. Tun daga nan muka shiga matsalar da har yau ba a fita ba.

Ga yadda take. Yarjejeniyar horar da ma'aikatan teku ta 1978, STCW, ita duniya ke bi. A ƙarƙashinta karatun aji kaɗai ba ya mai da mutum ofisa. Mai son tuƙi sai ya yi aƙalla wata 12 a cikin jirgi a matsayin ɗalibi, ana sa masa hannu a littafin horo, sannan ya zauna jarrabawar takardar ƙwarewa. Kamar yaron mota ne, komai haddarsa ba a ba shi sitiyari sai ya daɗe a gefen direba. Daga nan kowane mataki sai an ƙara watanni a ruwa an sake jarrabawa, kafin a kai kyaftin shekara 10 ko fiye sun tafi. To makarantu muna da su: akwai ta Oron a jihar Akwa Ibom tun ƙarshen shekarun 1970, akwai jami'ar Okerenkoko a jihar Delta da ta fara karatu a 2018. NIMASA ma ta ɓullo da shirin NSDP a 2008, ta tura matasa sama da 2,000 karatu a ƙasashe irin su Filifin da Indiya da Masar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gurbin ɗalibi a cikin jirgi. Matasa da yawa sun gama karatu sun zauna shekaru suna jiran wata 12 ɗin nan, duk da dokar 2003 da ta ce jigilar cikin ruwan Najeriya ta 'yan ƙasa ce. Abin takaici, rahoton nan na BIMCO da ICS na 2021 cewa ya yi duniya na da giɓin hafsoshi sama da 26,000. Aiki na neman mutane, mutanenmu na neman ƙofa.

Nisa da teku ba hujja ba ce. Kakanninmu sun bi ta Sudan sun ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda a jirgin ruwa. Vice Admiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, ya shugabanci rundunar sojan ruwa daga 2021 zuwa 2023, kuma a Dawakin Tofa, ƙaramar hukumar da Dawanau ke ciki, rundunar ke da kwalejin horar da jami'anta harkar kayan aiki. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023, an yi ta ne don a gama takardun kwantena tun daga Kano. Mun yarda kayanmu su hau ruwa, saura 'ya'yanmu su samu rabo a aikin ɗaukarsu. Yaron da ya iya lissafi da kimiyyar fizis a sakandaren Dawakin Tofa bai gaza na Manila da komai ba, iyo kuwa koyonsa ake yi.

Wanda ya ƙudura, ya fara da gwajin lafiya, musamman ido. In ba ya bambance ja da kore, sashen tuƙi ya rufe masa, gara ya sani tun bai kashe kuɗi ba. Ya riƙe Turanci da kyau, domin shi ne harshen aiki a teku. Ya tabbata NIMASA ta amince da makarantar da zai shiga, kuma tambayar farko da zai yi musu ita ce ɗalibansu na bara nawa suka samu jirgi. Akwai gajeren horo na dole kan kashe gobara da ceton kai da taimakon gaggawa, da littafin shaidar ma'aikacin teku, waɗannan duk ta hanyar hukuma ake samunsu. Sannan ya riƙe wannan da kyau: yarjejeniyar MLC ta haramta a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki a jirgi. Abin da ke kansa shi ne kuɗin fasfo da gwajin lafiya da littafinsa. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa a kawo masa miliyoyi zai saka yaro a jirgi, a guje shi. Kada kuma a hau jirgi sai da kwantiragi a rubuce, an karanta an gane, an bar kwafi a gida.

Ga gwamnatin Kano da maƙwabtanta, in za a tura yara wannan karatu, kada a tsaya a kuɗin makaranta. A ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jirage kan gurbin wata 12 tun kafin yaro ya bar gida, a sa kuɗinsa a cikin kasafi. Manyan 'yan kasuwarmu na Dawanau kuma, ku da kuke cika wa kamfanonin nan ɗaruruwan kwantenoni duk kaka, kuna da bakin magana a wurinsu. Alhazai, in kun zauna cinikin kuɗin dako, ku nemi a ba yaranmu gurbin horo a jiragen da ke ɗaukar kayanku.